Kayan sallar yara: a da da yanzu, wa ya fi shan wahala?

Maman Khalifa: Salam ƴan gida barkanmu da shan ruwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka yi rainon yara kafin a fara sayen kaya ta waya, ku ma tun watan azumin tsofaffi kuke fara tara kayan sallah ko ni kaɗai ce? Don ƴata ce ta ce min wai sai 27 ga azumi za ta fita ta kwaso wa yaranta redimed shikenan an gama, na ce ke kam kin huta. Ni a lokacina adashe nake shiga musamman saboda wannan, in roƙi uwar adashe ta sa kwasata ta faɗo a Rajab, ranar da na kwasa ban zame ko'ina ba sai babbar kasuwar Terminus ta Jos tun kafin gobarar 2002 ta cinye ta, in sayi turmin atamfa a yanka wa matan, maza kuma yadi ko shadda ƴar daidai, sauran ƙananan kuma a hankali ake tsintarsu, yau ɗan kunne gobe awarwaro, jibi safa mai leshi a baki, ribom, agogon roba wanda ba ya tafiya, tabarau ja ko kore. Duk abin da na sayo cikin akwatin aurena yake shiga a ƙarƙashin gado in kulle in ɗaure makullin a bakin zani

Anti Zee: Hhhh Mama agogon da kullum ƙarfe uku yake nunawa! Wlh na ɗaura shi, har tambayata lokaci ake yi ina dubawa ina faɗa

Maman Khalifa: Shi fa ƴata. Kuma yaro bai yarda ya cire shi ko wajen wanka. Daren jajibiri bayan an wanke lalle sun yi barci sai in fito da komai in jera a kan tabarma, kowa da nasa tulin, takalmi a ƙasa kaya a sama hula ko ɗankwali a kai, in saka alawa da biskit ɗin Nasco a cikin ƴar jakar kowacce. Da asuba in ka ji ihu a gidan nan ka san sun gani

Hajiya Goggo: Jikata ce ke rubuta min. Maman Khalifa kin tuna min da nisa. Mu ma haka muka yi sai dai ni ba na iya ɓoyewa gaba ɗaya don yaran gidanmu sun fi ɓera sanin lungu, sai dai in kai ɗakin kishiyata ita ma ta kawo nata ɗakina, in sun bincika sun ga kaya sai a ce ai ba naku ba ne ajiya aka ba ni

Baban Amira: Iyayena ina gaisuwa, a yi min afuwa zan ɗan saɓa. Ni ɗan unguwar Gangare ne a Jos amma aiki ya kawo ni Abuja, ina Kubwa. Gaskiya wannan abin da muke kira al'ada yanzu ya zama dawainiya kawai. Yaro ɗan shekara uku me ya sani? Ka ɗinka masa shadda ka kai a yi mata aiki, kafin a sauko daga idi ya zuba mata miyar taushe, wata huɗu ta yi masa kaɗan. Ga kuɗin makaranta na jira, ga haya, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda abubuwa suka koma. Na san mutumin da ya ci bashi a wajen aiki don yaransa su yi kala uku uku, har babbar sallah ta zo ana cire masa a albashi. Don wa aka yi? Don sitatus aka yi ba don yaran ba

Anti Zee: Yaya ka fara ko. Wato a bar su da na gida su fita yawon sallah?

Baban Amira: Ban ce haka ba ƙanwata. Kala ɗaya mai tsabta ya isa, kuma ƙasa da shekara biyar ni ban ga dalilin ɗinki ba sam, ba za su tuna ba

Maman Khalifa: Baban Amira maganar bashi na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ni ban taɓa cin bashin kayan sallah ba shi ya sa nake fara tattali tun wata biyu kafin azumi. Kala uku kuwa mu ba mu san shi ba, kala ɗaya ne sai in Allah ya hore a ƙara ƴar kanti ta washegari. Amma batun ba za su tuna ba, ka bari tukuna

Usta Baban Sadiq: To tunda an zo maganar ɗinki bari tela ya yi magana kafin a fara zaginmu don na san nan aka nufa

Anti Zee: Usta ai ko ba ka zo ba sai mun kira ka. Ku ne kuke sa yara kuka ranar sallah

Usta Baban Sadiq: Hajiya ku ji tsoron Allah. Ina ɗinki a Dilimi tun ina yaron shago, irin su Maman Khalifa da ke kawo kaya tun Sha'aban ba su taɓa kuka da mu ba, su ne ma muke yi wa ɗinki cikin natsuwa har mu ƙara ɗan ado kyauta. Matsalar masu zuwa goman ƙarshe ne da leda cike da kayan yara shida, kuma babu yaran babu awo, sai a ce maka ai kamar tsawon ɗan maƙwabcinka yake. Ga wuta ba ta tsayawa sai janareta. Kuma mutane ba su san ɗinkin yaro ya fi na babba cin rai ba, wuya ƙarami hannu ƙarami aljihu ƙarami, lokacin da za ka ɓata kusan ɗaya ne amma in ka faɗi kuɗi a ce haba ɗan wannan abin? Laifinmu ɗaya na yarda da shi, ba mu iya cewa a'a ba, musamman in mace ta zo ta ce marayu ne ko ta haɗa ka da iyayenka

Maman Ihsan: Sai ku karɓa ku ajiye a ƙarƙashin tebur ranar jajibiri ku kashe waya

Usta Baban Sadiq: Wayar caji take ƙarewa Hajiya 😂

Hajiya Goggo: Usta ka faɗa musu maganar ƙari. Ni kullum sai na ce wa tela ya ƙara tsawo ya naɗe a ciki saboda baɗi

Usta Baban Sadiq: Ai Goggo wannan har gobe. Kalmasa ta wando sai mu yi ta mai faɗi a ninka ciki, in yaro ya yi tsawo a warware. Wasu iyayen kuma su wuce gona da iri, yaro ya fito hannun riga ya rufe yatsu, mutane su ce wane tela ne ya yi wannan aika-aika alhali umarni aka ba ni

Maman Ihsan: Takalmi fa? Babanmu Allah ya jiƙansa da tsinken tsintsiya yake auna ƙafarmu muna barci, ya karya daidai tsawon ya sa a aljihu ya tafi kasuwa, kuma duk da haka sai ya ƙaro lamba ɗaya ko biyu, ranar sallah a cusa takarda ko auduga a gaba. Kana tafiya takalmi na faɗa maka magana a baya. Sai babbar sallah yake zama daidai, kafin wata ƙaramar kuma ya koma na ƙaninka

Baban Amira: To kun gani, su iyayenmu lissafi suke yi. Abin da nake faɗa kenan

Maman Nanret: Ina gaishe ku duka, Allah ya karɓi ibada. Ni na Kirsimeti nake yi amma duk abin da kuka faɗa kamar a ɗakina aka yi. Mu namu wahalar har da sanyi, kun san Jos a Disamba, ka ɗinka wa yarinya riga mai kyau amma dole ka ɗora mata suwaita da hular sanyi a kai har kwalliyar ta ɓace, shi ya sa nake sammako kasuwar Katako ranar da ake buɗe dila in zaɓi suwaita masu kyau tun Oktoba kafin su yi tsada, in wanke in goge in ɓoye, yara ba su taɓa sanin gwanjo ne ba. Wa ya tuna shekarar 2000? Ƙaramar sallah ta zo cikin sati ɗaya da Kirsimeti, lokacin muna haya a Angwan Rogo gida ɗaya da wata baiwar Allah, tela ɗaya muka kai wa kaya, cincin ma tare muka murza a turmi ɗaya aka raba a bokiti biyu. Yarana sun yi yawon sallah da nata, nata sun ci shinkafar Kirsimeti, wannan shekarar yara sun tara kuɗi ba kaɗan ba. Bayan rikicin Jos na 2001 muka tashi, amma har yanzu duk sallah masa da miya na iso ni

Maman Khalifa: Allah sarki Maman Nanret, Allah ya ƙara mana zaman lafiya. Wannan shekarar ai ba zan manta da ita ba don aljihu ya ji jiki

Malam Abban Huda: Dalili kuwa shi ne a 2000 sau biyu aka yi ƙaramar sallah, ɗaya a farkon Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, ga babbar sallah a Maris a tsakani. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da wajen kwana 11, shi ya sa sallah ke zagayawa, duk bayan shekara 33 haka ake samun irin wannan. Masu ƙananan yara ku shirya, 2033 za a sake

Anti Zee: Malam ka bari mu fita daga ta bana tukuna dan Allah

Abdul Rikkos: Ni dai tunda iyaye mata sun taru a nan ina da ƙorafi. Ina kuɗin barka da sallar da kuke cewa kawo in ajiye maka? Mun yi yawo tun daga Rikkos har Bauchi Road a ƙafa gida gida, mu dawo da yamma aljihu cike da naira biyar biyar da goma goma, wani lokacin a samu mai Murtala wato naira ashirin, Umma ta ce kawo kar ka yar. Har yau ban ga ko sisi ba

Hajiya Goggo: Ɗan nan takalmin da ka sa a babbar sallah da me kake zaton an saya

Abdul Rikkos: Kai Goggo 😭 ashe da kuɗina ake min gata

Maman Ihsan: Ai ba ka da bashin kowa. Ni nawa na bar musu kaɗan su je gidan zu su hau lilo su sha askirim, sauran in riƙe, littafi da fensir na komawa makaranta daga nan suke fita

Maman Khalifa: Sabbin kuɗi ma wani aiki ne a cikin shirin. Maigidana tun tsakiyar azumi yake neman canji sababbi fil, ya zuba a ambulan ya ba ni in haɗa cikin akwatin. Lokacin da naira ɗari ta takarda ta fito ƙarshen 1999 wani kawunsu ya ba babban ɗana guda ɗaya a sallar da ta biyo, yaron nan ya ƙi kashewa ya ƙi ba ni, cikin littafin islamiyyarsa ya adana ta yana buɗewa yana leƙawa

Baban Amira: Yanzu kuwa sabbin kuɗin ma saye ake a bakin hanya da riba a kai, abin da dokar babban bankin ƙasa CBN ta 2007 ta hana. Ka sayi kuɗi da kuɗi don ka raba wa yara. Bara wani yaro da na ce ba ni da canji cewa ya yi in yi masa transfa

Anti Zee: Tun wahalar kuɗi ta 2023 yara suka waye ai

Ummu Yasmin: Salam. Tun ɗazu nake karantawa ban so yin magana ba amma maganar Baban Amira ta cewa ba za su tuna ba ce ta tsaya min. Ni riƙo aka yi ni, mahaifiyata ta rasu ina ƙarama aka kawo ni Jos wajen dangi. Ba a taɓa barina da yunwa ba, ba a dake ni ba, makaranta ma an sa ni, ba zan yi musu butulci ba. Amma sallar farko da na yi a gidan ban fi shekara biyar ba, yaran gidan mata aka yanka musu atamfa iri ɗaya, ni kuma aka sayo min wata daban, ba wai mummuna ba ce, ƙila ma kuɗinsu ɗaya, amma daban ce. Duk gidan da muka shiga yawon sallah sai an ce wannan kuma ƴar wa ce? Har yau zan iya zana muku zanen atamfar nan tasu, shuɗiya mai ganye. Tawa kuwa na manta kalarta. Yanzu ina da yara kuma ina riƙon ɗiyar ƙanin mijina, in kuɗina bai kai in yi musu iri ɗaya ba gara in sauko in sayi mai araha kowa ya samu, ribom ma kala ɗaya nake saye

Maman Nanret: Kai. Allah ya jiƙan mama

Maman Khalifa: Ameen. Kin ga abin da na ce masa ya bari tukuna. Yaro ba ya sanin kuɗin kaya amma yana da ido, kafin ya kalli nasa sai ya kalli na ɗan uwansa. Ni shi ya sa a daren jajibiri nake daɗewa a kan tabarmar nan ina ƙirga awarwaro, in wannan shida ne waccan ma shida, alawa ma ƙirga ta nake. Akwai shekarar da ɗan kunne ɗaya ya ɓace a akwatin, cikin dare na cire na kowa gaba ɗaya aka fita da tsofaffi

Malam Abban Huda: Wannan yana da asali a addini. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana cikin Bukhari da Muslim, mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya je yana so Manzon Allah SAW ya yi shaida, aka tambaye shi ko duk ƴaƴansa ya yi wa haka ya ce a'a, sai Annabi SAW ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin ƴaƴanku, mahaifin ya koma ya karɓe kyautar. Masu mata biyu su fi kowa kula da wannan, don sau da yawa uba ya ba kowane ɗaki kuɗi daidai amma wata uwar tana da sana'a ta ƙara wa nata, ranar sallah a fito tsakar gida bambanci ya fito fili

Abdul Rikkos: To Malam a nan laifin wa? Uwa ba ta da ikon yi wa ɗanta da kuɗinta?

Malam Abban Huda: Tana da iko, ba a ce haramun ta yi ba. Amma gida ɗaya ne, in ta sayo tabarau ta sayo har na ɗakin can, nawa tabarau yake

Hajiya Goggo: Mu da kishiyata haɗa kuɗin muke yi mu aiki mutum ɗaya kasuwa. Ba wai don muna shiri sosai ba ne, a'a, muna faɗanmu, amma ba a kan kayan yara ba

Maman Ihsan: Goggo irinku sun yi ƙaranci gaskiya. Amma Malam ina da tambaya, adalcin a kuɗi ne ko a kaya? Don kayan mace ɗaya sai ya ci na maza biyu, ga kitso ga lalle ga mayafi ga jaka ga sarƙa, namiji kuwa riga da wando da hula da aski an gama. Babban ɗana har ya fara lissafi yana cewa an fi kashe wa Ihsan

Malam Abban Huda: Abin da yake na buƙata kamar tufafi kowa gwargwadon buƙatarsa ne Hajiya, ba sai kuɗin ya zo daidai ba. Inda ake kiyayewa shi ne ƙarin da ba dole ba. In kin ga ransa ya sosu ki ƙara masa ƴar mota ko ƙwallo

Abdul Rikkos: Ko bindigar ruwa

Maman Khalifa: Banda bindiga dan Allah, musamman mai ƙwayoyin nan, ta ruwan ma rigar mutane suke jiƙawa a sanyin Jos

Baban Amira: Ummu Yasmin Allah ya saka miki da alheri, maganarki ta shige ni, kuma na janye batun ba sa tunawa. Amma ku lura abin da kika faɗa bai rushe nawa ba, ke da kanki kin ce gara ki sauko ki sayi mai araha kowa ya samu. Ni faɗana da kala uku ne da ɗaukar hoto a situdiyo da bashi. A nan Abuja yaro ma ba ya yawon sallah, daga gida sai mota sai wajen wasa a biya kuɗin shiga, maƙwabcinka bai san sunan ɗanka ba balle ya ba shi goron sallah, to kayan wa zai gani

Anti Zee: To ka kawo su Jos mana su yi sallah a Gangare wajen kakarsu, ai ba nisa

Baban Amira: Kuɗin mota ta Akwanga ke za ki biya? Amma dai uwargida ta riga ta yanke hukunci, muna tafe in sha Allah, ni dai an sanar da ni ne kawai

Maman Ihsan: Ashe duk wannan hayaniyar a guruf ne kawai kake da ƙarfi 😂

Baban Amira: Hajiya a rufa min asiri. Usta in na aiko da yadin yara uku ta tasha jibi za a samu? Kala ɗaya ne wlh

Usta Baban Sadiq: Alhaji na rufe karɓar ɗinki tun 10 ga azumi, har takarda na manna a ƙofa

Baban Amira: Haba Usta, don girman iyayenka

Usta Baban Sadiq: Kun ga irinta ko. To ka aiko amma da awo, a sa tef a auna su a rubuta, kar a ce min kamar tsawon wane. Kuma kuɗin ɗinki gaba ɗaya tare da kayan

Anti Zee: Usta tunda ƙofa ta buɗe nima nawa guda biyu ne kacal

Usta Baban Sadiq: Cajina ya kusa ƙarewa